Echeveria: Shukar da aka ce ba ta mutuwa, me ke kashe ta a hannun masu ita?

Me ya sa shukar da ake tallatawa da cewa ko malalaci zai iya riƙe ta, ita ce kuma ke saurin mutuwa a ɗakunan mutane? Tambayar ke nan da ke yawo tsakanin masu sha'awar shukokin ado, tun da hotunan waɗannan 'yan tsirrai masu kaurin ganye, jere da'ira-da'ira kamar furen wardi, suka cika Instagram da TikTok. Mai sayarwa zai ce ba ta son ruwa, ba ta son taki, a ajiye ta ko'ina a manta da ita. Mai saye ya kai gida ya ɗora a kan teburi kusa da talabijin. Bayan 'yan makonni, ko dai ta miƙe ta yi tsawo ta ɓata zubinta, ko kuma wata safiya a taɓa ta ganyen ya zube gaba ɗaya, a tarar gindin ya yi baƙi ya yi laushi. Daga nan sai a kasu biyu: masu cewa an sayar musu da shuka mai ciwo, da masu cewa su dai Allah bai ba su hannun shuka ba.

Duka biyun an bar jaki ana dukan taiki. Gaskiya ne shukar ba ta neman a riƙa hidima da ita kullum. Amma tana da sharuɗɗa guda uku da ba ta sassauta su ga kowa: haske mai ƙarfi, ƙasar da ke bushewa da wuri, da iska mai motsi. Mai sayarwa ya faɗi rabin farko ya haɗiye na biyu.

Wace shuka ake nufi?

Wadda aka fi gani a hotunan ita ce Echeveria. Jinsi ne mai nau'o'i kimanin 150, ban da tarin 'yan aure da masu kiwon furanni suka haɗa da hannunsu. Mafi yawansu 'yan asalin Meksiko ne, kodayake ana samun wasu daga kudancin ƙasar Amurka har zuwa Ajantina. Masanin tsirrai Augustin Pyramus de Candolle ne ya raɗa mata sunan a 1828, don karrama Atanasio Echeverría y Godoy, mai zanen da ya zana ɗaruruwan tsirran Meksiko a wani dogon balaguron bincike da Sifaniya ta ɗauki nauyi daga 1787.

Inda take fitowa a daji ya fi tarihin sunanta amfani ga mai son renon ta. Mutane da yawa sun ɗauka 'yar hamada ce, mai zama cikin rairayi da zafin da ba ya sauka. Ba haka ba ne. Galibinsu a jikin duwatsu da gangaren tsaunuka suke, saiwarsu maƙale a tsagar dutse inda ɗan ruɓaɓɓen ganye ya taru. Akan yi ruwan sama mai ƙarfi a lokacinsa, amma gangare ne, ruwan ya jiƙa su ya wuce. Da rana haske kamar ya fasa ido, da dare kuma sanyi ya sauko saboda tudu. Duk abin da za a faɗa nan gaba game da tukunya da ƙasa da ban ruwa, ƙoƙari ne na kwaikwayon wannan tsagar dutsen.

Akwai kuma wasu masu kama da ita da ake jerawa a layi ɗaya a wurin sayarwa, kuma a nan ne ruɗanin farko ke shigowa. Sempervivum 'yar tsaunukan Turai ce da Kokasas, ganyenta ya fi sirara, bakinsa da tsini da 'yan gasu a gefe. Ita dusar ƙanƙara ba ta dame ta ba, har akwai dokar gonakin Charlemagne, wani babban sarkin Turai na zamanin da, da ta umarci mai lambu ya shuka ta a kan rufin gidansa. Zafi da zaman ɗaki ne ke gama da ita. Aeonium yawancinta daga tsibiran Kanari take, kambin ganyenta a kan dogon kara yake zama, kuma kalandarta a juye take: lokacin sanyi take girma, idan zafi ya shigo ta dunƙule ganye ta yi barci. Wanda ya ga ta dunƙule ya ce ƙishi ne ya ƙara mata ruwa, ya kashe ta. Haworthia kuwa daga kudancin Afirka take, 'yar uwar aloe ce ba ta Echeveria ba, kuma ita ce ta fi su jure inuwa. Saboda haka shawarar da ta yi wa wani aiki tana iya zama guba a tukunyar wani, ba don ƙarya aka faɗa ba, sai don shukar ba ɗaya ba ce.

Shukar da ke numfashi da dare

Kowane ganye yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan yake shaƙar iskar kabon da zai haɗa abinci da ita. Yawancin tsirrai da rana suke buɗe ƙofofin, kuma duk lokacin da suke buɗe ruwa na fita ta cikinsu ya bi iska. Shi ya sa tumatir a tukunya kan shanye ruwansa a yini ɗaya ya langaɓe.

Echeveria da danginta sun juya tsarin. Da rana ƙofofin a rufe suke. Sai dare ya yi, iska ta huce, su buɗe su shaƙi kabon, su mayar da shi wani sinadari mai tsami su adana a cikin ganye. Gari na wayewa su sake rufewa, su riƙa warware tsamin nan suna haɗa abinci da hasken rana. Wani likita mai suna Benjamin Heyne da ya yi aiki a Indiya a farkon ƙarni na 19 ya gano alamar haka da harshensa: ya ɗanɗani ganyen wata 'yar wannan dangi da safe ya ji tsami, da rana ta yi ya sake ɗanɗanawa ya ji tsamin ya tafi. Masana suna kiran tsarin CAM a taƙaice, kuma abarba ma da shi take rayuwa.

Wannan dabara tana tsimin ruwa ƙwarai, amma tana da farashi biyu. Na farko, girma a hankali, domin abin da ganye zai iya adanawa a dare ɗaya yana da iyaka. Na biyu shi ne wanda ya shafi mai tukunya kai tsaye: tunda shukar ba ta fitar da ruwa da yawa ta ganye, ba ta kuma zuƙo shi da yawa daga ƙasa. A tukunyar sauran furanni shukar ce ke busar da ƙasa. A tukunyar Echeveria babu mai busarwa sai ita ƙasar da tukunyar da iskar da ke kaɗawa. Idan waɗannan uku ba su yi aikin ba, ruwan da aka zuba ranar Litinin yana nan kwance a gindi har wata Litinin.

Sai kuma farar hodar nan da ke lulluɓe ganyen wasu nau'o'in, wadda ke ba su launin toka-toka ko shuɗi-shuɗi. Ba ƙura ba ce. Wani irin kaki ne da ganyen ke fitarwa, yana kare shi daga zafin rana, yana sa ruwa ya gangare bai zauna ba. Echeveria laui ta jihar Oaxaca a Meksiko tana cikin waɗanda suka fi kaurin wannan hoda. Duk inda yatsa ya taɓa sai ya bar shaida, kuma ganyen da aka goge ba ya sake yin ta kamar da. Mai tsafta da ya ɗauki tsumma ya goge shukarsa tas ya cire mata riga ne a tsakiyar rana.

Ruwa: ba yawansa ba ne, daɗewarsa ce

A nan gizo ke saƙa. Ana cewa "ruwa ya yi mata yawa", mai sauraro ya fahimci cewa a rage abin da ake zubawa. Sai ya koma ba ta cokali biyu kowace safiya, ko ya sayi kwalbar feshi yana fesa wa ganye. Wannan ya haɗa illa biyu wuri ɗaya: saman ƙasa kullum a jiƙe, saiwar da ke can ƙasa kuma ba ta taɓa ƙoshi ba.

Abin da ke kashe saiwa rashin iska ne. Saiwa tana numfashi, tana buƙatar iskar oksijin da ke cikin 'yan ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. Idan ruwa ya cika ramukan ya daɗe, ƙananan saiwoyi su shaƙe su mutu, sannan ƙwayoyin cuta masu son laima irin su Pythium da Phytophthora su samu ƙofa, ruɓa ta bi kara ta hau sama. Ruwa mai yawa da ya ratsa ya fita cikin mintuna ba ya yin haka. Kaɗan da ya zauna kwana goma shi ke yi.

Don haka ƙa'idar ita ce a jiƙa ƙasar sharkaf har ruwa ya fito ta ramin gindin tukunya, a zubar da wanda ya taru a faranti, sannan a ƙyale ta har ƙasar ta bushe ƙamas daga sama har ƙasa. Tsinken sakace ko siririn itace ya isa gwaji: a soka shi har gindi a zaro, idan ya fito da sanyi ko ƙasa ta manne masa, da saura. Wasu nauyin tukunya suke ji a hannu. Kwana nawa ke nan? Babu amsa ɗaya, kuma duk wanda ya ce "sau ɗaya a mako" ba tare da ya ga tukunyarka da tagarka ba, tsammani yake yi. Ƙaramar tukunyar yumɓu a waje cikin iska tana iya bushewa cikin kwana uku ko huɗu, ita kuma ta roba a cikin ɗaki ta haura mako biyu.

A zuba ruwan a ƙasa, ba a tsakiyar kambin ganye ba. A daji shukar takan karkata a jikin dutse, ruwa ya zube. A tukunya a miƙe take tana kallon sama, tsakiyarta ta zama 'yar rijiya, kuma a nan ne sabon ganye ke fitowa. Idan ruwa ya shiga bisa kuskure, a hure shi ko a tsane da takarda.

Ganyen yana faɗin abin da ke damunsa, sai dai alamomin biyu suna ruɗar sabon shiga. Mai ƙishi yakan yi yamutse, ya yi laushi kamar fata, amma launinsa na nan, kuma bayan an ba shi ruwa da kwana ɗaya ko biyu sai ya ciko. Wanda ruwa ya ɓata yakan yi rawaya, ya kumbura har kamar ana hango cikinsa, a ɗan taɓa shi ya faɗi. Inda aka fi yin asara shi ne yanayi na uku: saiwa ta riga ta ruɓe, ba ta iya kai ruwa sama, sai ganyen ya yamutse kamar mai ƙishi alhali ƙasar a jiƙe take. Mai ita ya ga yamutsi ya ƙara ruwa. Idan ganye ya yamutse kuma tsinke ya fito da laima, ba ruwa za a ƙara ba, a zaro shukar a duba saiwa. Mai lafiya fara ce ko ruwan ƙasa-ƙasa, tana da ƙarfi. Ruɓaɓɓiya baƙa ce, tana saɓulewa a yatsa.

Ganyen can ƙasa da ke bushewa ɗaya bayan ɗaya ya zama kamar takarda, wannan ba ciwo ba ne. Shukar ce ke kwashe ruwan tsohon ganye ta kai wa sabo. A dai riƙa cire busassun, domin ƙwari na son ɓuya a ƙarƙashinsu.

Ƙasa, tukunya, da rigimar tsakuwar gindi

Ƙasar da shukar ke zuwa da ita daga wurin masu reno yawanci mai riƙe ruwa ce, domin a can akwai haske da iska da za su busar da ita. Ta zo ɗaki sai ta zama tarko. Abin da ya dace shi ne haɗin da aƙalla rabinsa abu ne mai tsakuwa-tsakuwa, irin dutsen aman wuta mai ramuka, ko farin dutsen nan mara nauyi da ake kira falayit, ko tsakuwa 'yar ƙanana mai girman ƙwayar shinkafa, sauran rabin kuma ƙasar tukunya ta yau da kullum. Inda iska ke da laima sosai a ƙara tsakuwar ta kai kashi biyu cikin uku. Yashi mai laushi kuwa ba ya taimakawa. Shiga yake ya toshe ramukan iskar, ƙasar ta daskare.

Tukunya dole ta kasance da rami a gindi. Kofin shayi da kwalbar gilashi suna kyau a hoto, kuma hoton ranar da aka dasa ake ɗauka, ba wanda ke nuna ta bayan wata biyu. Ta yumɓu da ba a shafe ta da fenti ba ta fi, saboda jikinta na fitar da laima. Kada kuma ta fi kambin shukar faɗi da yawa, domin ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba, ruwa kawai take ajiyewa.

Akwai wata tsohuwar shawara da har yanzu ake gardama a kanta: a zuba tsakuwa a gindin tukunya kafin ƙasa, wai don ruwa ya samu wurin gangarawa. Masu goyon bayanta suna cewa haka suka gada kuma shukokinsu na nan da rai. Masana ƙasa suna cewa ba ta yin abin da ake zato. Ka tsoma soson wanka a ruwa ka tsayar da shi: zai ɗiga ya daina, amma gindinsa zai ci gaba da riƙe ruwa, kuma ko ka ɗora shi a kan tsakuwa ba zai saki ba. Haka ƙasa mai laushi take, ba ta miƙa ruwanta ga abin da ya fi ta gwaɓi sai ta cika maƙil. Tsakuwar gindi ɗaga jiƙaƙƙen sashen take yi sama, ta kusanto da shi ga saiwa. A ganina masanan ne ke da gaskiya, kuma shukokin da suka rayu da wannan dabara sun rayu ne saboda haske da iskar wurin da suke. Tsakuwar nan da a cakuɗa ta cikin ƙasar ta fi amfani. A tukunyar da ba ta da rami kuwa, tsakuwa ɓoye tafkin kawai take yi.

Taki ba shi da dogon bayani. Kaɗan, a tsarma shi sosai, lokacin da take girma. Idan ya yi yawa ganye ya yi laushi ya yi ruwa-ruwa, ƙwari su samu abinci.

Haske, wanda ba a cika zarginsa ba

Da za a bi diddigin mafi yawan shukokin da aka ce ruwa ya kashe, da an tarar duhu ne ya fara raunana su. Idon mutum yana daidaita kansa da kowane haske, shi ya sa ɗaki mai fitila ke yi mana kamar ya wadatu. Na'urar awo ba ta yarda da haka ba. A ma'aunin ƙarfin haske da ake kira luks, hasken rana tsaka a fili yakan kai wajen 100,000, ɗakin ofis mai kyakkyawan haske kuwa 300 zuwa 500 ne. Shukar da ta saba da na farko aka kawo ta na biyu ba ta samun ƙarfin haɗa abinci, shan ruwanta ya ƙara raguwa, ƙasa ta ƙara daɗewa a jiƙe.

Alamar farko ita ce ganyen ya daina kallon sama, ya baje ya lanƙwasa ƙasa don ya tari haske. Sai tsakiyar ta yi kore fayau. Sai kara ya fara miƙewa, tazara ta buɗe tsakanin ganye da ganye, shukar ta karkata wajen taga. Wasu murna suke yi, wai tana girma. Neman agaji take. Kuma abin da ya miƙe ya miƙe ke nan, ko an mayar da ita rana ba za ta koma ta dunƙule ba, sai dai sabon ganyen da zai fito ya fito daidai.

Tana son awa huɗu zuwa shida na rana kai tsaye, ta safe ta fi. A ƙasashen arewacin duniya tagar da ke kallon kudu ce mai haske, a kudancin duniya mai kallon arewa. Kusa da tsakiyar duniya rana ta saman kai take bi, don haka tagar gabas ko baranda ta fi dacewa. A bakin tagar za a ajiye ta, ba taku uku daga nan ba. Wanda ba shi da irin wannan wuri yana da zaɓi biyu na gaskiya: fitilar reno ta musamman a kusa da ita na awa 12 zuwa 14 a yini, ko ya haƙura ya ɗauki Haworthia.

Garin gyaran gira kuma kada a rasa ido. Shukar da ta yi wata biyu a ɗaki, a ɗauke ta rana ɗaya a kai tsakar rana, ƙonewa za ta yi, ganyen ya yi tabo fari ko ruwan ƙasa wanda ba ya gogewa. A fara da inuwa mai haske, sai awa ɗaya ta hantsi, a riƙa ƙarawa cikin mako biyu.

Zafin dare ma yana da nasa tasirin. Tsarin numfashinta ya fi tafiya daidai idan dare ya yi sanyi. Inda dare ke kwana da zafi da gumi, takan tsaya cak ta daina girma, kuma ruwan da aka ba ta a wannan hali shi ne mafi haɗari. A irin wannan lokaci a rage ban ruwa, a kare ta daga ranar azahar da ruwan sama mai jerawa kwanaki, a sa ta inda iska ke wucewa. A ɗaya ɓangaren, yawancin nau'o'inta ba sa jure sanyin da ke daskarar da ruwa, domin ganyen kusan duk ruwa ne.

Launin ja: lafiya ce ko wahala?

Jan baki da ruwan hoda da shunayya da ke sa mutane sayen ta, wani sinadarin launi ne da ganyen ke ƙarawa don kare kansa idan haske ya yi ƙarfi, ko dare ya yi sanyi, ko ruwa ya yi ƙaranci. Shi ya sa wadda aka sayo ja-jawur takan koma kore bayan wata guda a ɗaki, mai ita ya ce an yi masa maguɗi. Masu reno sun rabu a nan. Wasu da gangan suke matsa mata, ƙaramar tukunya, ruwa jefi-jefi, rana mai yawa, don launin ya fito. Wasu suna ganin azabtarwa ce, gara kore mai ƙiba. Ni dai ina tare da na farko matuƙar ganyen tsakiya a cike yake kuma sabo na fitowa, domin haka take a kan dutsenta. Idan ganye ya fara bushewa fiye da yadda sabo ke fitowa, an wuce gona da iri.

Fure, 'ya'ya da yankan kai

Ana yawan cewa idan ta yi fure mutuwa za ta yi. Ga Sempervivum da yawancin Aeonium haka ne: furen daga tsakiyar kambin yake fitowa, kambin ya ƙare da shi, sai 'ya'yan gefe su gaje shi. Echeveria kuwa daga gefe, tsakanin ganye, take fitar da dogon karan fure mai 'yan ƙararrawa ja ko ruwan lemo, kuma tana iya yi kowace shekara. Idan furen ya bushe a yanke karan.

Yaɗa irinta shi ne wurin da ta cancanci sunan mai sauƙi. A kama ganye mai lafiya daga ƙasa, a ɗan murɗa shi hagu da dama har ya ɓalle daga jikin kara da gindinsa cikakke. Idan ya tsage ya bar guntu a jikin kara ba zai yi ba, domin ƙwayoyin da ke haifar da sabon tsiro a daidai wannan mahaɗa suke. A ajiye shi a inuwa kwana biyu zuwa huɗu bakin ya bushe, sannan a kwantar da shi a kan busasshiyar ƙasa ba tare da an binne ba. Cikin 'yan makonni sai ga siraran saiwoyi ruwan hoda sun leƙo, bayansu ɗan kambi da bai kai ƙwayar gero biyu ba, yana shan ruwan uwar ganyen har ta yamutse ta bushe. Ba kowane ganye ke kamawa ba, don haka a jera da yawa.

Wadda ta miƙe ko gindinta ya fara ruɓa, yankan kai ne maganinta. A sa wuƙa mai tsabta a yanke kambin da ɗan guntun kara. A duba wurin yankan: idan akwai baƙi ko ruwan ƙasa a tsakiya, a ƙara yankewa sama har a ga fari ko kore tas. A bar shi ya bushe kwanaki, a dasa a busasshiyar ƙasa, kada a ba shi ruwa sai ya fara saiwa. Kututturen da aka bari, in lafiyayye ne, yakan fitar da 'ya'ya da yawa a jikinsa.

Babban abokin gabarta wani farin ƙwaro ne mai kama da ɓurɓushin auduga, yana maƙalewa a lungun ganye yana tsotsar ruwa, sabon ganye ya fito a murɗe. Tururuwa na hawa da sauka a tukunya sau da yawa alamarsa ce, domin zaƙin da yake fitarwa suke bi. A ware tukunyar daga sauran, a tsoma auduga a sinadarin alkohol na goge ciwo mai ƙarfin kashi 70 a dangwala wa kowanne, a maimaita bayan mako saboda ƙwan da zai ƙyanƙyashe. Maganin feshi mai maiƙo kuwa yana narkar da hodar ganye.

Tana tsabtace iskar ɗaki?

Wannan da'awa ta samo asali daga wani gwajin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, na 1989, wanda aka yi a cikin rufaffun akwatuna, ba a ɗakin kwana ba. A 2019 masu bincike a Jami'ar Drexel ta Amurka suka sake nazarin irin waɗannan gwaje-gwaje, suka ƙiyasta cewa sai an jera shuka 10 zuwa 1,000 a kowane murabba'in mita kafin su yi abin da shige da ficen iska ke yi a gini. Buɗe taga ya fi. Ita dai abar ado ce.

Batun guba kuma, Echeveria da Haworthia ba a san su da cutar da kyanwa ko kare ba. Amma Kalanchoe, wadda dangi ɗaya suke kuma akan jera su tare, tana da gubar da ke taɓa zuciyar dabba, kuma farin ruwan da ke fita daga jikin wata shukar adon mai suna Euphorbia yana ƙona fata da ido. Mai yara ko dabbobi ya tambayi sunan abin da yake saye.

Abin da kasuwa ba ta faɗa

Shuɗi mai ƙyalli ko ruwan zinare da ake gani a wasu fenti ne aka fesa. Yana toshe ƙofofin numfashi yana tare haske, kuma sabon ganyen da zai fito da launinsa na asali zai fito. Haka kuma wasu akan manne tsakuwar saman tukunyarsu da gam don kada ta zube a hanya, ruwa ya kasa shiga daidai, laima ta kasa fita. Irin wannan a fasa a sake mata ƙasa.

Wani abin ya fi fenti muni. Da kasuwar ta bunƙasa, sai aka fara tumɓuke na daji. A 2018 jami'an kare namun daji na jihar Kalifoniya sun kama mutane da dubban Dudleya farinosa, 'yar uwar Echeveria mai farin kambi, da aka ɓalle daga duwatsun bakin teku za a aika gabashin Asiya, kuma a 2021 jihar ta kafa doka ta musamman da ta haramta cire Dudleya daga daji ba da izini ba. Afirka ta Kudu ma tana fama da satar ƙananan tsirrai masu tara ruwa a yankin Namaqualand, wasunsu a tudu ɗaya tak suke a duk duniya. Echeveria ta yau da kullum da ake gani a tukwane ba ta cikin wannan, daga ganye da yanka ake hayayyafa ta a gidajen reno. Wadda za a yi wa kallon tuhuma ita ce tsohuwa mai kaurin kututture da tabo a ganye, saiwarta a yanke ko babu gaba ɗaya, ana tallata ta a intanet a matsayin wadda ba a samu, mai sayarwa kuma ya kasa faɗin gidan renon da ta fito.